Amsoshin Tambayoyinku: Fosta da Kiɗan Na'ura

Jama'a, lokaci ya matse mu, sai mu shiga wasiƙu kai tsaye.

Wani ɗan'uwa daga Kuseri yana tambayar asalin kiɗan house, wani salon kiɗan rawa na na'ura. A birnin Chicago na Amurka ya tashi, farkon shekarun 1980, kuma mai sa kiɗa Frankie Knuckles na cikin iyayen gidansa. Techno kuwa, wani salon kiɗan na'urar, ɗan birnin Detroit ne na Amurka.

Wata baiwar Allah daga Ngaundere ta ce, me ya sa makaɗan na'uran nan Daft Punk suke rufe fuska? 'Yar'uwa, kwalkwalin da suke rufe fuska da shi, shi ne tambarinsu. Faransawan nan biyu sun rabu a 2021, amma har gobe da shi ake gane su.

Sai tambayar da ta zo mana daga Garwa da Marwa, daga samari masu sa kiɗa a wajen biki: wai dole ne sai an biya mai zane kuɗin fosta, alhali kiɗa ake zuwa ji? Malam, kai ne mai sana'ar zanen, bismillah.

"To, ai shi kiɗan na'ura galibi ba baiti, ba fuskar mawaƙi, dole ido ya samu abin riƙewa. A Ingila a 1988, lokacin acid house, wani reshen kiɗan house, fuskar nan mai ruwan ɗorawa mai murmushi ita ce a riguna da takardun gayyata da ake miƙawa hannu da hannu. Gidan rawa na Haçienda da aka buɗe a Manchester a 1982, mai zane Ben Kelly ya yi wa ginshiƙansa zane ratsi-ratsi irin na masana'anta, sannan..."

Malam, ka kai mu Manchester, su kuwa amsa suke jira! Bari in faɗi nawa: ku biya. Na sake faɗa, ku biya shi. Haba samari! Ku dubi fostar da kuke liƙawa a jikin shagon cajin waya: kawuna takwas, launi barkatai, ranar taro da wurin kuwa an cusa su can ƙasa, sai an durƙusa a karanta. Wanda ke wucewa a kan babur me zai gani? Suna, rana, wuri, da manyan baƙaƙe. Ku zaɓi tambari ɗaya ku riƙe shi, a fosta, a WhatsApp, har a jikin lasifika. Kuma ku daina kwaso zanen wasu a intanet kuna goge sunansu, haƙƙi ne.

Mai tambaya kan fitilun rawa daga Injamena, ka yi haƙuri, da wasiƙarka za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.