Sharhi: Wa zai kawo, nawa ne, kuma yaushe?

Jama'a masu saurarenmu a birnin Zazzau da kewaye, assalamu alaikum.

Abin da ya tayar da sharhinmu na yau wani saƙo ne na waya wanda bai wuce layi biyu ba. Wani mai gonar kaji ya rubuta wa dillalinsa na hatsi cewa: "Salam Alhaji, a turo mana masara kamar na wancan karon, za a ga alat in an kwana biyu." Dillali ya mayar masa: "To, ba damuwa, za a kawo." Iyakar cinikin ke nan. Dillali ya loda buhu 60, domin shi wancan karon da ya tuna ke nan. Mai gona kuwa buhu 40 yake nufi. Farashi ya ɗaga tsakanin wancan karon da wannan, ba wanda ya ambace shi. Dillali ya ƙirga kwana biyu cif ya fara neman kuɗinsa, mai gona ya ce ai shi "kwana biyu" irin na Bahaushe ya faɗa. Yanzu magana tana gaban dattawan kasuwa, kuma mutum biyu da suka shekara da shekaru suna hulɗa ba sa ga maciji da juna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a cikinsu babu ɓarawo. Ba wanda ya tashi da niyyar cutar ɗan'uwansa. Jimla ce kawai aka rubuta ba kai ba gindi, ta raba su. Kuma duk wanda ke shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko ta Samaru ya san irin wannan rigimar ba baƙuwa ba ce.

Maganar tawa ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta har a gaji da ni. Duk saƙon da ya shafi kuɗi ko kaya, dole ya faɗi wa zai yi, me zai yi, nawa ne, kuma yaushe. In ɗaya ya ɓace daga ciki, saƙon bai cika ba, kada a tura shi. Ku saurari yadda mai gonar nan ya kamata ya rubuta, a matsayin misali: "Salam Alhaji. Ina son farar masara buhu 40, mai kilo 100, a kan naira 45,000 kowane buhu, jimla naira 1,800,000. Kai za ka kawo gona ranar Talata 14 ga wata, kuɗin mota a kaina. Zan biya rabi ranar da kaya suka sauka, sauran rabin ranar 28 ga wata." Minti nawa wannan zai ci? Wane digiri ake buƙata kafin a rubuta shi? Amma da shi aka tura, da yau suna zaune a benci ɗaya suna shan shayi.

Ku lura da "zan biya" da "kai za ka kawo". Nan ne cutar take. Mun mayar da "an" da "za a" mafaka. An tura. Za a kawo. Za a duba. Ana kan aiki. Wa ya tura? Wa zai duba? Hausa ta ba mu wannan salon ne don kunya da kara, don kada yaro ya tsaya gaban babba yana "ni, ni", kuma a zaure da wajen surukai yana da kyau ƙwarai. A takardar ciniki kuwa ɓarna yake yi, domin ranar da kaya ba su iso ba, maigida zai ce yaron shago yake nufi, yaron shago ya ce direba, direba ya ce shi ba a faɗa masa ba. Jimlar da ba ta da mai aiki, ba wanda za a kama da ita. Haka nan "ya ce ya ba shi kuɗinsa". Mutum uku ne a cikin wannan jimlar ko biyu? Kuɗin wa? A kira suna mana! Rubuta sunan mutum a saƙon ciniki ba rashin kunya ba ne.

Sai lokaci. "Ƙarshen wata", wane watan, na Musulunci ko na Bature? "Bayan Sallah", ƙarama ko babba? "Da kaka", farkonta ko bayan an gama sussuka? "In an jima", "nan ba da daɗewa ba", "mako mai zuwa in Allah ya yarda". Faɗin in Allah ya yarda wajibinmu ne, amma ba ya maye gurbin rana. A sa rana da kwanan wata, sannan a ce in Allah ya yarda. Awo ma haka. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara a kasuwannin hatsi irin su Giwa da Soba ya kai ninkinsa, tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, kwandon tumatir kuwa akwai babba akwai ƙarami. Ɗan kasuwa ya ce "ɗari biyar" yana nufin naira 500,000, mai sauraro ya ɗauka wani abu dabam. A rubuta lamba da sifilinta cikakke, a duba ta sau biyu kafin a danna.

Kada 'yan boko su ɗauka da 'yan kasuwa kaɗai nake. Nasu ya fi muni, domin su sun san abin da suke yi. Ɗauki takardar da wasu makarantu masu zaman kansu ke ba yara su kai gida. Za ka ji: "Bisa la'akari da halin da ake ciki, hukumar gudanarwa na farin cikin sanar da ɗaukacin iyaye cewa za a yi wasu 'yan gyare-gyare da suka shafi harkokin kuɗaɗe nan gaba kaɗan." Uba ya karanta sau uku bai gane ba, sai ranar komawa makaranta a koro masa ɗa. Abin da ake nufi shi ne kuɗin makaranta ya ƙaru. To a faɗa! Daga naira kaza zuwa naira kaza, daga zango na biyu, a biya kafin rana kaza, mai ƙorafi ya ga shugaban makaranta ranar Asabar. Wannan lulluɓin da ake yi ba ladabi ba ne, tsoro ne, kuma zalunci ne ga talakan da ke buƙatar sanin adadi da wuri don ya fara tarawa. Irin wannan ne a takardun haya, da sanarwar ƙungiyoyin manoma a kan bashin taki, da takardun ɗaukar aiki da ba sa faɗin albashi. Da yawansu an fara tsara su ne da Turanci mai nauyi, sannan aka juyo su kalma bayan kalma, aka samu abin da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Jimla ɗaya ta cika sakin layi, "wanda" na bin "wanda", ainihin maganar tana can ƙasa a layin ƙarshe. A juya ta. Abin da ake so mai karatu ya yi shi ne zai zo farko bayan sallama, dalili ya biyo baya. Kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya ta sauke, sannan a ɗauko wata.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce mu da amana muke kasuwanci, iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja ba takarda, kuma in ka ce wa mutum a rubuta, ka nuna ba ka yarda da shi ba ke nan. Wannan magana ba ta da ƙafa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta ce in an ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce, a rubuta. Ta ce marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, har da ajalinsa. Ajali ambatacce! Ina "in an kwana biyu" a nan? Mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. A garin malamai irin Zazzau, inda kusan kowace unguwa ke da zauren karatu, bai kamata a ce sai an tuna mana wannan ba.

Wasu kuma za su ce gajeren saƙo rashin tarbiyya ne, ina gaisuwa? Ba wanda ya ce a jefar da sallama. A yi sallama, a tambayi iyali da kasuwa, layi ɗaya ya isa. Abin da nake ƙi shi ne saƙon murya na minti biyar, huɗu gaisuwa da labarin hanya, adadin kaya kuma a faɗe shi a gurguje a ƙarshe, ana hayaniyar babura a baya. Wanda bai iya boko ba, ya yi da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ya yi saƙon murya, amma ya faɗi abubuwan nan huɗu a natse, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa yaronsa ya rubuta ya tura, ɗaya ɓangaren ya amsa da "na yarda da buhu 40 a kan kaza". "To" kaɗai ba amsa ba ce.

Ban ce rubutu zai hana macuci cuta ba. Wanda ya yi niyyar cin dukiyar mutane zai ci ko da an rubuta a kan dutse, kuma ban da tabbacin za mu rabu da wannan ɗabi'a da wuri, domin ta yi jijiya. Amma yawancin rigingimun da ke kai mu gaban sarkin kasuwa da alƙali ba na macuta ba ne, na mutanen kirki ne da kowannensu ya fahimci abu dabam.

Kuma zamani ya riga ya canja mana kasuwa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, hatta mai sayar da kayan miya ta koma karɓar kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS. Cinikin da a da ake yi ido da ido, a tafa a gaban shaidu, yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi tsakanin Zariya da Legas. Babu fuska, babu shaida, sai abin da aka rubuta. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura in an cika sharuɗɗa. Ma'ana, saƙonka na iya tsayawa gaban alƙali. To me alƙali zai yi da "kamar na wancan karon"? Ko wurin da banki ya bari a rubuta dalilin tura kuɗi, sai mu bar shi fayau. Rubuta "rabin kuɗin masara buhu 40" ba ya cin ko kwabo.

Ga kuma mutuwa, wadda ba ta sallama. Ana biyan bashi kafin a raba gado. Magada su buɗe littafin shagon mahaifinsu su tarar da "mai shayi, 5". Wane mai shayin? Biyar ɗin me, katan ko dubu? Shi ake bi ko shi ke bi? Marayu su yi asara, ko mamaci ya kwanta da nauyin wani a kansa, saboda an ƙi ƙara kalma huɗu.

Abin kunyar ya fi yawa a kanmu mutanen Zariya. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarar 1939. A Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A garin nan aka yi aikin daidaita rubutun Hausar boko wanda sauran ƙasar Hausa ta koya. Yau jikokin masu wannan aikin ne ke rubuta "bashi dubu 50" alhali "ba shi dubu 50" suke nufi, yaron shago ya rasa ko miƙa kuɗi zai yi ko shigarwa littafin bashi. Raba kalma da sanya aya da waƙafi ba ƙa'idar jarrabawa kaɗai ba ce, kuɗin mutane ne a ciki.

Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, harabarta ta Kongo ta daɗe tana koyar da aikin mulki da shari'a, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ina roƙon malamansu su riƙa sa ɗalibi ya rubuta takardar ciniki da ta haya da Hausa, a kai wa ɗan kasuwa ya karanta, in bai gane ba a karo ɗaya a mayar wa ɗalibi ya sake. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma, ranku ya daɗe, ku buga 'yar takarda mai gurabe huɗu, suna, kaya, kuɗi, rana, ku raba wa kowane layi, kuma ku sanar cewa duk ƙarar da za a kawo muku sai an zo da ita. Kai kuma maigida, kafin yaronka ya tura saƙo da sunan shagonka, sa shi ya karanta maka da ƙarfi. In ka ji "za a", tsayar da shi ka tambaye shi: wa?