Karen Kirsimeti: Daga Kwalin Kyauta Zuwa Gidan Riƙo

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau Birtaniya za mu leƙa, a ƙarshen watan Disamba, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, rana ke faɗuwa a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma, kantuna kuma sun cika maƙil da masu sayen kyautar Kirsimeti.

A cikin kyaututtukan da ake buɗewa da safiyar 25 ga wata, akwai mai numfashi. Ɗan kwikwiyo ne ɗan wata biyu, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Yara su ɓarke da ihu, a ɗauki hoto, a ɗora a Facebook, kowa ya yi barka.

Na san wani zai ce, kare kuma? A matsayin kyauta? A wurinmu kare na gadi ne, ko na farauta, ko na bin garke, kuma wurin kwanansa waje. A can ɗan gida ne, da sunansa, da shimfiɗarsa, da likitansa. To ku ɗauki ragon layya ku auna. Mai sayen rago ya san ranar da hidimarsa za ta ƙare: dusa da harawa na kwana goma ko sati biyu, shi ke nan. Shi kuwa kwikwiyo, ranar bikin ce hidimarsa ke somawa, kuma galibin karnuka kan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Abinci kullum, fita yawo safe da yamma ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuɗin asibiti, kuɗin inshora. Mu da muka san cewa Sallah kan wuce ta bar wawa da bashi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wannan ne ya sa a 1978 wata ma'aikaciyar ƙungiyar kare haƙƙin karnuka, Clarissa Baldwin, ta ƙirƙiro wani take da har yau ake liƙawa a gilashin mota a faɗin ƙasar. Ma'anarsa: kare na tsawon rai ne, ba na Kirsimeti kaɗai ba. An kafa ƙungiyar tun 1891, a 2003 ta koma amsa sunan Dogs Trust, kuma tana da cibiyoyi fiye da 20 na karɓar karnuka da nema musu sabon gida. Shekara 40 da ɗoriya ana maimaita magana ɗaya, kun ga alamar cewa kunnen bai gama ji ba.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne labarin yake. Cikin karya kwana 63 ne, ko kusa da haka. Dokar Ingila ta hana sayar da kwikwiyo kafin ya cika sati 8. Ke nan wanda za a buɗe a kwali ranar 25 ga Disamba an haife shi a ƙarshen Oktoba, uwarsa kuma ta ɗauki cikinsa tun ƙarshen Agusta. Tun mai saye bai fara tunanin kyauta ba, wani ya riga ya yi lissafin ribarsa.

Wane ne wannan wanin? Akwai masu kiwo na kirki, masu lasisi, waɗanda sai sun yi maka tambayoyi kafin su sallama maka ɗan karensu. Akwai kuma waɗanda suka mai da abin kamar gonar kaji: karyoyi a keji, cikin duhu da ƙazanta, daga wannan haihuwa sai wata, har jiki ya ƙare. Ɗaya daga cikin irin waɗannan karyoyi, wadda aka raɗa wa suna Lucy, an ceto ta daga wata gona a yankin Wales a 2013, ƙashin bayanta ya tanƙware saboda zaman keji. Ta mutu a 2016. Wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya jagoranci fafutuka da sunanta, har aka yi dokar da ta fara aiki a Ingila ranar 6 ga Afrilu, 2020. Dokar ta cire dillali daga tsakani. Duk kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, ko dai ka saye shi kai tsaye a hannun wanda ya kiwata shi, ka gan shi tare da uwarsa a inda aka haife shi, ko ka je cibiyar ceto.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai 'yan fasa-ƙwauri. Birtaniya ta daɗe da rabuwa da ciwon haukan kare, don haka ba ta wasa da iyakarta. Kafin a shigo da kwikwiyo daga ƙasashen Turai, sai an yi masa allurar rigakafi, wadda ba a yi kafin sati 12, sannan a jira kwana 21. Jimla sati 15. Amma ɗan sati 15 ya fara miƙa ƙafa, ya wuce wannan ɗan dunƙulen da masu saye ke zuba kuɗi a kansa. Sai a yi takardun bogi a ƙara wa ɗan sati 7 ko 8 kwanaki, a cusa su a bayan mota daga ƙasashe irin su Hungari da Poland da Romaniya, a yi ta tafiya fiye da yini guda har tashar ruwan Dover. Wasu kan iso da cuta a jiki. Mai saye ya biya, ya kai gida, kwana uku kwikwiyo ya kama amai da gudawa, lambar wayar mai sayarwa kuma ta daina shiga.

To mu juya lissafin gaba. Mutane da yawa sun ɗauka washegarin biki ake zubar da karnukan. Akwai masu yin haka, amma babbar jarrabawar tana gaba. Ɗan wata biyun nan na Disamba, zuwa ƙarshen Afrilu ya cika wata 6, ya shiga ƙuruciyar tashen balaga. Ya yi ƙarfi, yana jan igiya, yana tauna takalmi da ƙafar kujera, a kira shi ya yi kunnen uwar shegu. Yara sun koma makaranta, iyaye sun koma aiki, an bar shi shi kaɗai daga safe har yamma yana haushi, maƙwabta na kai ƙara, mai gidan haya na cewa ko kare ko ku. A nan ne ake ɗaga waya a kira cibiya. Wanda kunya ta hana shi kira kuma, sai ya ɗaure karen a bakin wani lambu ya yi gaba.

Me ke faruwa da karen da aka tsinta a titi? Alhakin ƙaramar hukuma ne, tana da jami'inta na karnuka. Abu na farko, a goga masa na'ura a bayan wuya. Tun 6 ga Afrilu, 2016, doka ta wajabta a Ingila da Scotland da Wales cewa kowane kare, kafin ya wuce sati 8, a sa masa wata 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lambar da ke kai wa ga sunan mai shi. Wanda ya ƙi, tara na iya kai wa fam 500. Inda gizo ke saƙa shi ne mutum ya ƙaura ko ya sauya lambar waya bai sabunta bayanansa ba, sai a karanta lamba a kira a ji shiru. Daga nan kwana 7 ne. Idan mai shi bai zo ba, hukuma na da ikon miƙa shi ga cibiyar ceto, ko, idan babu gurbi, a yi masa allurar mutuwa. Ita Dogs Trust ƙa'idarta ba ta kashe kare mai lafiya, amma keji ba ya ƙaruwa don biki ya zo.

Tsohuwar cibiya a wannan aiki ita ce Battersea. Wata mata, Mary Tealby, ta fara ta a 1860 a unguwar Holloway ta arewacin Landan, ana yi mata ba'a wai mutane na kwana da yunwa ita tana ciyar da karnuka. A 1871 aka koma da ita inda take har yau. A irin waɗannan wurare, likita ya duba kare, a yi masa rigakafi, a yi masa aikin hana haihuwa, sannan a zauna a karanci halinsa: yana jure yara? Yana faɗa da 'yan uwansa? Zai iya zama da kyanwa?

Shi kuma mai nema, in kun ga binciken da ake masa sai ku ce neman aure ya zo. Gidanka ne ko haya? Mai gida ya yarda? Awa nawa za a bar karen shi kaɗai? Akwai shinge? Kowa a gidan ya amince? A kan ce a zo da iyali gaba ɗaya su gana da shi, wani lokaci a biyo ka har gida a gani da ido. Sannan ka biya 'yan ɗaruruwan fam, ka sa hannu cewa idan zama ya ƙi daɗi, cibiyar za ka dawo da shi.

To idan Disamba ta zo, a buɗe ƙofa ko a rufe? Masu aikin kansu sun rabu. A Jamus, babbar cibiyar dabbobi ta birnin Balin da wasu takwarorinta sukan dakatar da ba da dabba ana saura kwanaki Kirsimeti. Ka zo ka gani, ka zaɓa, amma sai bayan biki za ka ɗauka. Hujjarsu: gida cike da baƙi, ga hayaniya, ga wasan wutar daren sabuwar shekara da ke sa karnuka tsallake shinge su ɓace, ga cakuleti da busasshen inabi a kan kowane tebur, waɗanda guba ne ga kare, inabin ma har ƙoda yake kashewa.

A Amurka kuwa, a 1999 cibiyar dabbobi ta Helen Woodward da ke yankin San Diego ta ɗauki akasin haka. Ta ce mai neman kare a Disamba sai ya samu, idan ka rufe masa ƙofa wurin 'yan kasuwa zai nufa, gara ka jawo shi ya ɗauki wanda ke jiran gida. Ga shi lokacin hutu ne, mutane na gida, suna da sukunin sabawa da baƙon. A 2013 kuma ƙungiyar ASPCA, mai yaƙi da cin zalin dabbobi a Amurka, ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka ba dabba kyauta suna nan tare da abinsu.

In kun tambaye ni, na fi karkata ga mutanen San Diego, amma da sharaɗi. Matsalar ba a kalanda take ba. Tana wurin ba-zata: a miƙa wa mutum rai bai nema ba, bai shirya ba, daga hannun wanda ba a san inda ya samo shi ba. Wanda ya zauna aka yi masa waɗancan tambayoyi ya amsa, ko a Disamba ya ɗauka ko a Yuni, duk ɗaya ne.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda Bahaushe zai fi saurin ganewa, wato riƙo. Yadda ake ba goggo ko kawu riƙon yaro, haka cibiyoyi ke neman masu karɓar kare na ɗan lokaci, sati biyu ko wata guda, galibi abinci da magani a wuyan cibiya. An fi yin haka da tsofaffi, da masu jinya, da waɗanda zaman keji ke firgitawa. Kare ya huta da haushin 'yan uwansa, keji ɗaya ya samu sarari, ma'aikata kuma su san halinsa na cikin gida, wanda ba ya fitowa a cikin keji.

Masu aikin ma suna da wani suna na barkwanci da suke kiran wasu masu riƙon: waɗanda suka faɗi jarrabawa. Su ne waɗanda in Janairu ta kama aka kira su a waya aka ce an samo wa karen gida, sai a ji shiru na ɗan lokaci, sannan a ji murya ta ce, a turo min takardun in sa hannu, ba inda za shi.