Yadda Bob Dylan Ya Jona Jitarsa da Lantarki

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci.

A watan Maris na 1965, kamfanin Columbia ya fitar da wani faifai a Amurka mai suna Bringing It All Back Home. Faifan garmaho ne mai fuska biyu. Ka ɗora fuskar farko, sai ka ji ganguna da jitar lantarki sun cika ɗaki, waƙoƙi 7. Ka juya shi, sai waƙoƙi 4 cikin natsuwa da jitar katako, kusan yadda aka saba jin mai shi. Mai shi kuwa Bob Dylan ne, yana ɗan shekara 23.

To mene ne abin faɗa a ciki?

Dylan ya shigo New York a farkon 1961, ya faɗa cikin mawaƙan gargajiya na unguwar Greenwich Village. Su waɗannan mutanen, waƙa a wurinsu amana ce: mutum ɗaya, jita ɗaya, a yi maganar talaka, ma'aikaci da baƙar fata da ake zalunta. Kiɗan rock kuwa suna ganinsa hayaniyar 'yan kasuwa ce da ake sayar wa yara. Dylan ya zama gwarzonsu. Har a gangamin neman 'yancin baƙaƙe na Washington a watan Agustan 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa, Dylan ya hau mumbari ya yi waƙa. Daga nan suka ɗauke shi bakinsu.

Abin da suka manta shi ne, yaron nan tun yana sakandare a garin Hibbing na jihar Minnesota rock yake bugawa, Little Richard ne gwaninsa. Ga shi kuma a 1964 mawaƙan rock na ƙungiyar Beatles sun tsallako daga Ingila sun mamaye gidajen rediyon Amurka. A watan Janairun 1965 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti tare da furodusa Tom Wilson da ƙungiyar makaɗa, cikin kwana uku suka gama.

A ganina, lantarkin ba shi ne ya fi ƙona wa mawaƙan gargajiyar rai ba. Kalmomin ne. Waƙoƙin sun daina nuna wa mai sauraro wanda zai tsana da wanda zai tausaya wa. Sun koma zambo, habaici da hotuna masu kama da mafarki, baiti na bin baiti a guje. A waƙar Maggie's Farm ya ce ya daina aiki a gonar wata Maggie, da yawa kuma suka fahimci da su yake.

Kasuwa dai ta karɓa. A jerin faya-fayan da aka fi saya, faifan ya kai na 6 a Amurka, na 1 a Birtaniya.

Rikicin ya fito fili ranar 25 ga Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport. Dylan ya fito da baƙar rigar fata da jitar Fender, makaɗin jita Mike Bloomfield na gefensa. Waƙa uku suka yi. Wasu na tafi, wasu na yi masa ihu. Pete Seeger, dattijon mawaƙan gargajiya, ya fusata, amma daga baya ya ce rashin kyawun sautin ne ya dame shi, don ba a jin kalmomin.

Ihun bai tsaya a nan ba. A Manchester, cikin Mayun 1966, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana. Dylan ya ce masa maƙaryaci ne, aka umarci makaɗa su ƙara wuta, suka afka cikin waƙarsa Like a Rolling Stone.