Lauyan Gwamnati da Shari'ar Darak: Lacca ga Ɗaliban Shari'a a Marwa

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Da yawanku kun ɗauka lauya shi ne mai baƙar riga da kaifin baki a gaban alƙali. Akwai wani lauyan da ba a cika jin muryarsa ba, wanda gwamnati ke kira idan ƙasa ta shiga rigima. Maurice Kamto zan kawo muku misali, kuma aikinsa na shari'a nake nufi.

An haife shi a Bafusam a 1954, ya yi karatu a Yawunde, ya samu digirin dakta a birnin Nis na Faransa a 1983, ya dawo yana koyarwa. Da Kamaru ta kai ƙarar Najeriya Kotun Duniya a 1994 kan rikicin iyaka, yana cikin manyan lauyoyin da suka tsaya mata.

Kowa Bakasi yake tunawa. Mu 'yan Arewacin Kamaru, Darak da ke yankin Tafkin Chadi ya kamata mu tuna. Ruwan Tafkin Chadi ya ja baya, masunta suka bi shi da kwalekwale da komarsu, cikinsu har da Hausawa 'yan'uwanmu, suka kafa garuruwa. Najeriya ta ce mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji, ita ke gudanar da mulki. Hujja ce mai nauyi, kada ku raina ta. To me lauyoyin Kamaru suka ajiye a gaban kotu? Tsofaffin takardu. Yarjejeniyar shata iyaka ta Milner da Simon, ministocin Ingila da Faransa, ta 1919, da wasiƙun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta ce zama a wuri ba ya kayar da takardar mallaka. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga yankin.

Ku duba fa, shekara takwas ana bin taswira layi-layi, ana tono kundin da ƙura ta rufe. Wallahi abin yana taɓa ni, domin mai banda kifi a Darak bai taɓa ganin waɗannan takardu ba, amma su suka yanke wa zai biya haraji, wane katin shaida zai riƙe. Wanda ke ba gwamnati shawara, idan ya yi sakaci da layi ɗaya, talaka ne zai kwana a ciki.

A 2004 aka naɗa Kamto ƙaramin minista a ma'aikatar shari'a, ya ajiye muƙamin da kansa a 2011. Siyasar da ya shiga daga baya zancen wata rana ce. Mai tambaya ya ɗaga hannu.