Ƙaramin Sauyi da Babban Sauyi a Ilimin Halittu

Jama'a, barkanmu da war haka. Masana halittu sun shata iyaka a kan jinsi, wato nau'in halitta da 'ya'yansa ke iya hayayyafa da juna. Sauyin da ke aukuwa cikin jinsi ɗaya, daga zuriya zuwa zuriya, shi ne ƙaramin sauyi. Idan jinsi ya rabu biyu, ko wani sabon rukunin halittu ya ɓullo, an shiga babban sauyi ke nan. Wani ɗan Rasha, Yuri Filipchenko, shi ya raɗa musu suna a 1927.

Ƙaramin ana ganinsa ido da ido. A 1977 an yi fari a wani ɗan tsibiri na Galapagos da ke tekun Pasifik, inda masana biyu, Peter da Rosemary Grant, suke auna bakin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin tsirrai masu taushi da tsuntsayen ke ci suka ƙare, sai manya masu tauri suka rage. Tsuntsun da bakinsa bai iya fasa su ba yunwa ta kashe shi. Masu kaurin baki suka tsira, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaje su. Ku lura fa, ba tsuntsun da bakinsa ya ƙara girma. Garken ne ya sauya.

Shi kuwa babban, ya fi ƙarfin rayuwar mutum, sai an tono shi a duwatsu. A 2004 aka gano burbushin Tiktaalik a arewacin Kanada, kifi mai shekara kusan miliyan 375, ga wuya, ga ƙasusuwa irin na gaɓar hannu a cikin fiffikensa, alamar yadda dabbobi masu ƙafa huɗu suka samo asali daga kifi.

To, shin babban tarin ƙanana ne kawai? Wani masani, Dobzhansky, a 1937 ya ɗauka hanyar ɗaya ce, tsawon zamani ne ya bambanta su. Wasu masana biyu, Eldredge da Gould, suka zo a 1972 suka ce jinsi kan daɗe bai motsa ba, sannan ya sauya da sauri, kodayake saurin nasu dubban shekaru ne.

Ni dai a ganina, injin ɗaya ne, amma tarawa kaɗai ba ta bayyana komai. Shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse daga sararin samaniya ya faɗo duniya, dinoso, waɗancan manyan dabbobin zamanin da, suka ƙare in ban da tsuntsaye da suke zuriyarsu, dabbobi masu shayarwa suka samu fili. Ko shekara dubu ka yi kana auna bakin tsuntsu, awonka ba zai hango maka faɗowar wannan dutsen ba.