Lambar da za ka kwana 475 kana karanta ta

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan wata lamba za mu tsaya, wadda ko da dijit ɗaya kake faɗa duk sakan, ba barci ba cin abinci, sai ka kwashe kusan kwana 475 kafin ka kai ƙarshenta. Dijit 41,024,320 gare ta.

To bari mu fara da goro. In kana da goro 12 za ka iya raba wa mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6 kowa ya samu daidai. Amma goro 7 fa? Sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko mutum bakwai kowa ya ɗau ɗaya-ɗaya. Irin wannan lamba mai taurin kai ita ce masu lissafi ke ce wa firam. To wannan ƙatuwar ma firam ce, duk girman nan nata ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta.

Yadda aka gina ta kuwa ba wuya, ka yi ta ninka 2 da 2 har sau 136,279,841 sannan ka cire 1. Firam masu wannan siffa ana kiransu firam ɗin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma wannan ita ce ta 52 da aka sani. 3, 7, 31, 127 duk danginta ne. Amma fa kar ka ɗauka kullum dabarar tana ci, gwada sau 11, za ka samu 2047, ka ga kamar firam, ashe 23 sau 89 ce.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da ake tabbatar da irin wannan lamba firam ce, na masana lissafi Lucas da Lehmer. Mu gwada da 31. Fara da 4, ninka shi da kansa ka cire 2, 14 kenan. Sake yi, 194, raba da 31 saura 8. Sake yi da 8 ɗin, 62. To 62 kuwa 31 biyu ne cif, ba ragowa, shi kenan 31 ta tabbata firam. Wannan wasan dai shi kwamfuta ta maimaita wa babbar sama da sau miliyan 136.

Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na NVIDIA a Amurka, shi ya gano ta a Oktoban 2024 ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu farautar firam ɗin Mersenne, da injinan kwamfuta masu saurin lissafi (GPU) da ya yi haya ta intanet a ƙasashe 17. Wadda ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani tun 2018, kafin wannan ta ƙwace shi, dijit 24,862,048 ne da ita, kun ga tazarar ba kaɗan ba.

Af, na kusa mantawa, a rubutun kwamfuta na 0 da 1 ko sifili ɗaya babu a cikinta, 1 ne zalla a jere har guda 136,279,841.