Furen iris ɗinka wane iri ne, kuma me ya sa ya fito daban?

Matso kusa da furen nan, mu ƙirga tare. Ganyayen fure uku sun miƙe sama, uku sun rankwafo ƙasa. Haka iris yake, wannan furen ado da ake shukawa a lambu, uku-uku, ko da yake jinsunansa sun haura 250.

Yanzu ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin waɗanda suka rankwafo. Ka ji wani gashi-gashi mai laushi a tsakiya? Shi ake kira gemu. In akwai shi, iris mai gemu ne, dangin Iris germanica: ganyensa faffaɗa, saiwarsa mai kauri tana kwance a fili, tana shan rana. In kuwa wurin sumul yake, ganyen sirara, ga son ƙasa mai damshi, mai yiwuwa Iris sibirica ne. Wanda ake kira na Holan, saiwarsa dunƙulalliya ce irin ta albasa. Kada launi ya ruɗe ka, shi ne shaida mafi rauni, domin nau'o'in da aka yi wa rajista dubbai ne, wasu ko gwani sai ya jera su kafin ya bambance.

To, ga abin da ke burge ni. Wani lokaci fure kan buɗe da huɗu-huɗu, ko rabinsa fari rabinsa shunayya. Kar ka yi saurin cewa ka samu sabon iri. Sanyi mai tsanani lokacin da toho ke haɗuwa yana jirkita fure, haka ma feshin maganin ciyawa da iska ta kwaso. In kuma launin ya yi zane-zane, duba ganyen tukuna. Ya yi dabbare-dabbare da ɗorawa-ɗorawa? To mai yiwuwa cutar bairas ce, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan tsiro ke yaɗawa.

Abin yi shi ne ka ɗauki hoto, ka ɗaura zare a gindin wannan reshe, ka jira baɗi. A iris mai gemu, saiwar da ta yi fure ba ta sake yi, 'ya'yan da suka tsiro a gefenta za ka sa wa ido. Idan su ma suka fito da siffar, canjin ya shiga ƙwayar halitta. Sai ka yanke su da wuƙa mai tsabta, ka dasa daban. Ta saiwa ake adana shi, domin in ka shuka ƙwayar irin, ba lallai ta gado uwar ba.